Diwani zan buga ko sutudiyo zan shiga?

Bakatsine: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Rubutattun waƙoƙina sun isa littafi guda, yawanci 'yan ƙwar biyar ne, wato masu layi biyar a kowane baiti. Ƙarshen wata zan kwashi adashi, dubu 300. In buga kwafi 200 ko in shiga sutudiyo in rera su ba kiɗa in ɗora a YouTube? Kuɗin ba za su isa duka biyun ba.

Maman Hanif: Masha Allah, Allah ya sa albarka. Ka yi duka biyun mana ɗan uwa.

Ɗan Fagge: Malam kar ka ba mai ɗab'i kuɗinka gaba ɗaya, ni na ga ta kaina. Wani na kai wa diwanina a nan Kano, ya karɓi kuɗi cif, kullum takarda ta yi tsada, babu wuta, injin ya lalace, da ƙyar da siɗin goshi littafin ya fito, ina buɗewa duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wani ɗan akwati, baiti guda ba ya karantuwa. Na ce ya sake, ya ce ai ni na kawo fayil ɗin. Wallahi har yau katan-katan suna ƙarƙashin gado, kunyar ba mutum kyauta ma nake ji.

Bazazzagiya: Innalillahi. Ba ka duba samfuri ba kafin ya buga?

Ɗan Fagge: A kwamfutarsa lafiya lau ya nuna min. Kuma lambar shaidar littafi ta ISBN da ya saka ashe ta wani littafin ce, sai daga baya aka ce min a Laburaren Ƙasa ake karɓa.

Abu Yusra: Dubu 300 ta yi kwafi 200 har da canji in shafi bai wuce 60 ba.

Bazazzagiya: Yaushe rabonka da maɗaba'a Abu Yusra? Ni a Kaduna an ce min kusan dubu 500, ban da zanen bango.

Abu Yusra: Wani abokina ne ya buga.

Ɗan Fagge: To ka gani, wanda bai taɓa bugawa ba shi ke yanka farashi.

Abu Yusra: Kai da ka buga ina littafin?

Na Malam: Yana ƙarƙashin gado, ɓeraye na hadda 😂

Malam Tsoho: Ku bar wasa. Bakatsine, waƙar Hausa da rerawa aka san ta, mu a rediyo muka fara jin Aƙilu Aliyu kafin mu gan shi a takarda. Ka fara kai ta zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA, in kari (ma'aunin waƙa) ya karye ko amsa-amo (dacewar sautin ƙarshen layi) ya zame a nan za ka ji.

Bazazzagiya: Baba ai matsalar rerawar kenan, kana sakewa an ɗauke. Tawa na sa a Facebook, sati bai cika ba aka turo min ita a WhatsApp, an cire baitin ƙarshe da na sa sunana, an rubuta "copied".

Maman Hanif: Ni ma ta ta'aziyyar mahaifina aka yi wa haka, wani ya canza sunan ya sa na kakansa. Na yi masa magana ya yi blokin ɗina.

Bakatsine: Allah ya jiƙan Baba. Amma don Allah sutudiyon nawa ake rera waƙa ɗaya?

Ɗan Fagge: Maman Hanif turo min sunan shafin nasa.