Za mu kwana a tanti a Yankari cikin hunturu, me zan ɗauka?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Mu huɗu ne, abokai tun sakandare, muka shirya zuwa Yankari, gandun namun dajin nan na jihar Bauchi, hutun ƙarshen shekara, kwana biyu. Ɗayanmu ya tsinci wani tanti a gwanjo, ya kafe sai a cikinsa za mu kwana, wai in ɗaki ne ai kowa ya baro nasa a gida. Ni kuwa iyakar kwanan wajen da na sani shi ne shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin bazara. Ga ni da ciwon baya. Waɗanda suka saba, ku taimaka, me zan zuba a jaka don kada in dawo ina da-na-sani?

Tsohon Sikawut:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, in kun isa sansanin Wikki, wato masaukin baƙi da ke cikin dajin, ku tambayi ma'aikata inda aka yarda a kafa tanti. Dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,000, giwa da ɓauna ne masu gida, ba wurin da mutum zai ga inuwa ta yi masa ya sauke kaya ba ne.

Sai batun sanyi. Mutane bargon rufa suke tarawa, alhali sanyin daga ƙasa yake shigowa. Karon farko da na yi zango cikin hunturu, barguna uku na lulluɓa, ƙarƙashina kuwa tabarma ɗaya tal. Wajen ƙarfe uku na dare na farka haƙorana na kaɗawa, kwankwasona kamar an ɗora shi kan ƙanƙara. Da safe shugabanmu ya dube ni ya yi dariya, ya ce in mayar da biyu ƙasa in rufa da ɗaya. Daren na biyu sai da aka tashe ni sallar asuba. To kai mai ciwon baya, ka shimfiɗa tamfol, ka ɗora kwali ko tabarma, sannan 'yar katifar soso irin ta 'yan makarantar kwana. Kafin nan ka bi wurin da tafin hannu ka tsince duwatsu da ƙaya. Tsakuwar da ba ka gani da yamma, da tsakar dare ji za ka yi ta zama dutse.

Ku kafa tantin tun la'asar, kada magariba ta same ku kuna neman turaku da fitilar waya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ƙofa ta juya mata baya. Hular sanyi da safa a kwana da su. Takalmi kuma a kife a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, kunama na son ɗuminsa.

Maman Biyu:
Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, amma ya manta da manyan ɓarayin wurin. Gwaggon biri! Mun je da yara, na ajiye ledar biredi a kan mota na juya ɗauko fulas, ko ƙiftawa ban yi ba wani ƙato ya sure ta, ya koma gefe ya zauna yana warwarewa yana kallona. Autana ya yi ta kuka har muka shiga wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Sun san leda sarai. Kada ku kwana da abinci a cikin tanti, ku kulle shi a but ɗin mota, gilashi a rufe. Kuma don Allah kada wani ya ce zai miƙa musu ayaba don a ɗauki hoto.

Abinci ku ɗauki wanda ba ya neman wuta: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli da garin kwaki, dabino, sai kayan shayi. Ruwan sha ku ɗauki fiye da yadda kuke zato, ga na alwala, kada a manta buta. Man kaɗanya ko basilin saboda leɓe da dunduniya.

In za ku shiga zagayen ganin dabbobi, ku guji kaya baƙi ko shuɗi, su ne ke jawo ƙudan tsando, cizonsa kuwa har ta cikin riga. Ruwan ƙasa ko kakin soja mai haske ya fi. Sannan ka sa tawul a jaka. Ruwan Wikki ɗuminsa na nan wajen digiri 31 rani da damina, in ka shige shi da sassafe bayanka zai gode maka.

Ma'aikacin Jinya:
Abu ɗaya zan ƙara, kuma ba wasa nake ba. Komai tsananin sanyi kada ku shigar da kaskon gawayi ko risho cikin tanti ku zuge. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji yana ɗibarsa, shi ke nan. Ku ji ɗumi a waje, ku kashe wutar da ruwa, sannan ku shiga. In ƙafa ce ke damunka, zuba ruwan ɗumi a gora, naɗe da tsumma, tura cikin bargo. Gidan sauro ko maganin shafawa ma ka tafi da shi, kusa da ruwa ba a rasa sauro ko da hunturu.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, da kai malam. Wallahi kaskon gawayi na cikin jerin kayan da muka rubuta, yanzu na soke shi. Katifar ƙanena ta makaranta zan ara. Saura rigima ɗaya: na je na ga tantin jiya, a jikin jakarsa an rubuta na mutum biyu ne, mai shi kuma ya rantse zai ɗauke mu mu huɗu.

Tsohon Sikawut:
Na mutum biyun ma sai in ba su da jaka. Ku nemo na biyu, ko ku yi ƙuri'ar waɗanda za su kama ɗaki.