Injin niƙan Brixton: ta ina za mu shigo da gudummawarmu?

Hajiya Babba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar tsohon injin niƙan nan ne mai fukafukan iska na Brixton a Landan, wanda ke Blenheim Gardens kusa da gidan yari. Jikokina kullum suna filinsa, na yawancinku ma haka. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da wurin, ƙungiyar Friends of Windmill Gardens, kuma kuɗin gyara ba ya ƙarewa. Bai dace mu yi ta morar wuri ba mu taɓa zuba ko sisi ba. Ku kawo shawara.

Abban Yusra: Wa alaikumus salam Hajiya. Wai ba na ƙaramar hukumar Lambeth ba ne? Harajin da muke biya fa?

Kawu Injiniya: Nasu ne, tun 1971. Amma mallaka daban, kulawa daban. A hannunsu ya lalace har aka rufe shi, sai da mutanen unguwa suka kafa ƙungiyar nan a 2003, aka nemo kuɗi, aka sake buɗe shi a 2011. Ginin 1816 ne, Abban Yusra. Bulo ne da aka shafe da baƙin kwalta don kada ruwa ya shiga, fukafukansa huɗu na katako suna tsaye cikin ruwan saman Landan shekara da shekaru. Fenti ya ɗaye, katako ya sha ruwa, sai ruɓa. Shi ya sa ni ba na goyon bayan a yi babban taro guda a tara kuɗi a watse. Abin da irin wannan wuri ke so shi ne ɗan kaɗan mai shigowa kowane wata.

Maman Hanifa: To a yi adashe mana. Kowa fam 5 a wata, ni zan riƙe, a kai musu a dunƙule.

Anti Akawu: Maman Hanifa, niyyar ta yi, amma kada a haɗa a hannun mutum ɗaya. Akwai tsarin Gift Aid: idan kina biyan haraji a ƙasar nan, duk fam ɗaya da kika ba ƙungiyar agaji mai rajista, gwamnati na ƙara mata kwabo 25. Fam 5 ɗinki ya zama fam 6 da kwabo 25. Sharaɗin shi ne kuɗin ya zama naki ne, ke kika cike takardar, kuma harajin da kika biya a shekarar ya kai abin da za su karɓa. In kin tattara na mutum ashirin kin tura da sunanki, ba ki da damar cike ta. Kowa ya sa bankinsa ya riƙa turawa kai tsaye duk wata. Masu aiki a manyan kamfanoni kuma su tambaya, wasu kan ninka abin da ma'aikaci ya bayar.

Maman Hanifa: Ashe har gwamnati na zubi a adashen nan. Na janye.

Abban Yusra: Ina da tambaya ga Malam. Na ji babban gyaran nan da kuɗin asusun caca na ƙasa aka yi shi.

Malam: Haka ne, asusun kayan tarihi na cacar ƙasa ya ba da kaso mai tsoka. Wannan tsakaninsu ne. Naka kuɗin halalinka ne, ka ba da shi a gyara abin da jama'a ke amfana da shi. Abu biyu kawai zan ce. Kada kowa ya lissafa wannan a zakkarsa, sadaka ce. Kuma in za mu yi namu taron, ban da sayar da tikitin cin kyauta, ko da Turawa sun saba da shi a irin wannan hidima.

Gwaggo: Ku duk kun manta da garin. Suna niƙa alkama suna sayarwa, da dusarta da komai, a kan dutse. Na yi funkaso da shi: ya fi garin kanti shan ruwa, sai kin ƙara ruwan kwaɓin kin bar shi ya daɗe yana tashi, amma in ya shiga mai, ƙamshin alkamar ya cika gida. Alkubus ma ya yi. Sai dai kada a sayi da yawa a ajiye, man ƙwayar yana ciki, yakan sauya wari. A sa a firji.

Abban Yusra: Gwaggo, iska ce ke juya dutsen har yanzu?

Kawu Injiniya: Ina! Tun 1862 gidaje suka tare masa iska, a 1864 aka cire fukafukan; waɗanda ake gani yau daga baya aka sa su. A 1902 iyalin Ashby suka sa wasu duwatsun da injin tururi ke juyawa, aka yi ta niƙa har 1934. Waɗannan duwatsun ne ke aiki yau, da lantarki.

Hajiya Babba: Gwaggo ta ba ni dabara. Mu nemi izinin kafa tebur ranar da suke buɗe wa baƙi, mu sayar da funkaso da gurasa na garinsu, ribar tasu ce.

Anti Akawu: Ya yi. Amma kuɗin ciniki ba ya shiga Gift Aid, a ware shi daban. Kuma a rubuta abin da ke cikin kowane abinci, musamman alkama da gyaɗa, in za a barbaɗa ƙuli-ƙuli a gurasar.

Kawu Injiniya: A watan Mayu ake bikin ƙarshen mako na injinan niƙa na ƙasa, lokacin ne aka fi samun jama'a. Ni zan yi musu magana. Suna neman masu niƙa da masu zagayawa da baƙi ma, samarin zauren nan su miƙo suna.

Gwaggo: Funkason nawa ne. Maman Hanifa ta yi miyar taushe, Abban Yusra kuma ya kawo tebur da robobi.