Musayar waƙa: an kori Nomau, wa ya ci riba?

Malamin Ringim:
Salamu alaikum. An kai gero rumbu, sai hira. Gandun Dabbobi nake sake karantawa, wanda Bala Funtuwa ya mayar Hausa a 1975 daga littafin George Orwell na 1945, labarin dabbobin da suka kori mai gandunsu, Nomau, aladu suka hau mulki. Amsa-amonmu "wa".

Dabbobi sun taru sun kori Nomau,
Suka ce daga yau babu sauran bautawa.
Doka bakwai suka zana a bango,
Da dare ake bi ana sauyawa.
Madarar farko ta yi ɓatan dabo,
Alade ya ce mai tunani ke kurɓawa.

Dattijon Bichi:
Malam, ai Rasha ake wa habaici,
A 1917 suka yi tasu tayarwa.
Sarki ya faɗi, Lenin ya shuɗe,
Stalin ya hau ya hana numfasawa.
Abokin hamayyarsa Trotsky har Meziko aka bi shi,
A 1940 aka yi gamawa.
Kura ta tafi, kura ta dawo,
Akuya ce kullum abin taunawa.

'Yar Gumel:
Baba, a gafarce ni, ban yarda ba.

Kakata ta ga zamanin haraji,
Wanda bai biya ba a rana ake shanyawa.
Ran jangali Bafulatani na daji,
Yana kora shanu wurin ɓoyewa.
Jam'iyyar NEPU ta tashi a 1950,
Su Malam Aminu suka sha ɗaurewa.
A 1979 Rimi ya soke duka biyun,
Wannan ma kura ce ta dawo, Baba? Ina jiran amsawa.

Malamin Ringim:
Ƙanwata, layin ƙarshen nan ya yi tsawo kamar igiyar guga, amma an karɓa.

Ɗan Autan Ɗambatta:
Ni Akawal ne ke ba ni haushi,
Dokin da bai san komai ba sai ƙarawa.
Ya ja dutse har huhu ya gaza,
Aka kira motar masu yankawa.
Harafi huɗu kawai ya iya riƙewa,
Yaya zai gane ana wa doka gyarawa?
Mu ma ran zaɓe taliya da sabulu,
Mu dangwala yatsa muna godewa.

'Yar Gumel:
Auta, bi a hankali, kansilanmu na karantawa.

Ɗan Autan Ɗambatta:
Yaya, ni alade na ce, ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Dattijon Bichi:
'Yata, jangali kam na sallama miki,
Idona ya ga ranar sokewa.
To takin bana da aka ce na manoma ne,
Mota ta shigo garin ana kallowa,
Na bi layi tun daga sallar asuba,
Azahar aka ce ya ƙare, sai watsewa.
Ran kasuwa na gan shi a rumfa,
Har da tambarin "ba na sayarwa".