Montecristo Supremos 2019 ɗin nan jabu ce ko kuwa ajiya ce ta ɓata ta? Wanda ya sani ya taimaka

ƊanAlbasa_Mile12 ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar tabar Kyuba, manyan nan na ganye zalla da ake naɗewa da hannu ba sigarin kwali ba, ina neman ƙarin haske. Wani abokin kasuwancina ne ya dawo daga tafiya ya kawo min tsarabar kara uku, Montecristo ce, a ƙasan zoben takarda na farko mai ruwan ƙasa akwai zobe na biyu baƙi da ruwan zinare an rubuta Edición Limitada 2019, ya ce min sunanta Supremos kuma ba kullum ake yin irinta ba. Ba ta da tsawo sosai amma kauri gare ta, ganyen waje duhu ne yana ɗan sheƙi, in ka shinshina kafin a kunna wallahi ƙamshin ya yi, wani abu tsakanin koko da busasshiyar ciyawa.

Matsalar tana wajen sha. Na kunna ɗaya da daddare a baranda, zuƙa ta yi tauri sai na ja da ƙarfi kafin hayaƙi ya zo, gefe ɗaya ya ci wuta ya bar ɗayan, tana ta mutuwa ina sake kunnawa, ɗanɗanon kuma ɗaci ne zalla da wani ɗan tsami a bayan harshe, kafin in kai rabi jiri ya kama ni har da zufa dole na ajiye. To dama haka abin yake ake ta yabonta, ko jabu aka sayar wa abokina? Ba na so in tambaye shi kai tsaye kada ya ji ba daɗi, mutumin kirki ne kuma na san kuɗi ya kashe. Sauran biyun suna nan cikin leda a durowar gefen gado.

Baban_Hanifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan aikina ne, ni nake kula da ɗakin ajiyar taba a wani kulob a Victoria Island, kuma tun kafin in gama karanta rubutunka na ga inda abin yake, durowar nan ce da ledar nan. Duk alamomin da ka lissafa, zuƙa mai tauri, gefe ɗaya ya riga ɗaya, mutuwa akai-akai, ɗaci da tsami, alamun taba ce da ta sha danshi ta ƙoshi. Kamfanin Habanos, masu fitar da tabar Kyuba zuwa kasuwar duniya, da kansu sun ce a ajiye ta a danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, sanyi kuma digiri 16 zuwa 18. Ka duba Legas da damina, danshin iska yana haura kashi 80, zafi yana kusan 30. Ganyen ciki sai ya kumbura ya toshe hanyar iska, kai kuma ka ja da ƙarfi, wutar ta yi zafi fiye da kima, shi ke nan ɗaci ya fito. Ɗanyen itace ne ka sa a murhu, hayaƙi zai ba ka ba wuta ba.

Kuma ka sani ita wannan mai kauri ce, lambar kaurinta 55, ana ƙirgawa da kashi ɗaya cikin 64 na inci wato wajen milimita 22, tsawo milimita 130. Ganye ne mai yawa a ciki, irin su sun fi siraran saurin nuna matsalar danshi don tsakiyar ba ta bushewa da wuri.

Abin da za ka yi, ka fitar da su daga leda yau ɗin nan. Ka samu roba mai murfi wadda iska ba ta shiga, irin ta ajiye abinci amma sabuwa wadda ba ta taɓa ganin miya ba don ganyen taba yana ɗaukar ƙamshin duk abin da ke kusa da shi, har turaren wuta da humra, kada ka ajiye ta kusa da kayan uwargida. Ka sa fakitin Boveda mai lamba 65 a ciki, shi yana tsotse danshi in ya yi yawa ya saki in ya yi ƙaranci, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka bar su mako uku zuwa huɗu. Kada ka sa a firji, busar da ita zai yi ganyen waje ya tsage.

Ranar da za ka sake gwadawa ka ci abinci tukuna ka ƙoshi, jirin nan nikotin ne, Montecristo tana tsakanin matsakaiciya da mai ƙarfi kuma ba a haɗiye hayaƙinta zuwa huhu, a baki ake juya shi a fitar. Ka yanke hular kai, wato rufaffen ɓangaren da ake sa wa a baki, kaɗan kawai, milimita biyu ko uku, in ka wuce kafaɗa, inda lanƙwasar kan ta ƙare, ganyen zai warware. Ka zuƙa kafin ka kunna, a nan za ka san ko hanya ta buɗe, ya kamata ka ji ɗan riƙo kaɗan amma ba toshewa ba. Ka kunna da laita mai gas ko doguwar ashana bayan kan ya gama ci, banda laita mai fetur banda kyandir, ka gasa bakin kana juyawa har ya kama ko'ina. Sannan zuƙa ɗaya a minti, ba gudu ake ba, kara irin wannan sai ya ɗauke ka awa ɗaya ko fiye.

Mu wajen auna taba kashi uku muke raba ta. Ni a bakina Supremos mai lafiya farkonta koko ne da gahawa da ɗan zaƙi a leɓe, tsakiya sai ƙamshin katako da na jemammiyar fata su shigo da ɗan yaji irin na masoro a hanci, ƙarshe ta yi nauyi ta koma ƙasa-ƙasa da ɗaci mai tsabta irin wanda ke barin zaƙi a bayansa. Wannan canjin shi ake biya wa kuɗi. In daga farko har ƙarshe abu ɗaya ka ji, ko da ta ainihi ce ban ba ta maki ba. Ra'ayina kuma, wasu ba za su so ba, zobe na biyun nan ba ya nufin ta fi kowace. Abin da yake nufi a wannan tsarin da aka fara a shekarar 2000 shi ne an tsufar da ganyen aƙalla shekara biyu kafin naɗi, an ɗauko ganyen waje daga saman shukar da aka raina a inuwa shi ya sa yake da duhu, kuma an yi adadi kaɗan. Na sha Montecristo No. 2 ta kullum wadda aka ajiye da kyau ta fi min wasu masu zobe biyu daɗi.

Mai_Canji_Broad ya rubuta:

Baban Hanifa ka yi bayani Allah ya saka, amma ni ban yarda a cire maganar jabu tun yanzu ba. Mu da muke zaune a Island muna ganin masu yawo da kwalaye suna cewa daga Habana babban birnin Kyuba aka kawo, kuma zobe shi ne abu mafi sauƙin bugawa. Tun da guguwar Ian ta afka wa Pinar del Río a watan Satumbar 2022 ta rushe rumbunan shanya ganye, can ne fa Vuelta Abajo inda mafi kyawun ganyen Kyuba yake, kaya suka ƙara wuya farashi ya hau, duk inda kaya suka yi wuya kuwa 'yan bogi ke cin kasuwa. Taba ta 2019 da aka yi kaɗan, a ce har yanzu tana yawo kara-kara, dole mutum ya sa alamar tambaya.

Alhaji cikin hikima ka tambayi abokinka ko kwalin yana nan, ka ce kana so ka gani ne don sha'awa. A ƙasan kwali na ainihi akwai tambari da aka ƙona a jikin katako, Habanos S.A., Hecho en Cuba, Totalmente a mano, sai hatimin tawada mai harufan masana'anta da wata da shekara. Akwai kuma koriyar takardar gwamnatin Kyuba mai hoton da ke walƙiya da lamba, wannan lambar ana shigar da ita a shafin Habanos na intanet ya faɗa maka abin da ya kamata a samu cikin kwalin. In an kankare lambar ko ta nuna wani kaya daban to ka san sauran.

Kuma guntun da ka ajiye in ba ka yar ba, ka sa reza ka tsaga shi a tsaye. Ta ainihi dogayen ganye ne a naɗe tun daga kai har ƙafa, za ka iya warware su ɗaya bayan ɗaya. Jabu kuwa ɓarɓashi za ka gani da kara da ƙura, wani lokacin har da zare.

Anti_Nas_IdiAraba ta rubuta:

Salam. Ku yi haƙuri in shigo muku, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ba zan iya karantawa in wuce ba. Alhaji jirin nan da zufar nan jikinka ne yake gaya maka gubar ta yi masa yawa, ba rashin iyawa ba ne. Babban kara ɗaya irin wannan yana iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari guda cur. Maganar cewa ba a haɗiye hayaƙi gaskiya ce amma ba kariya ba ce, nikotin ɗin wannan tabar ta fatar baki yake shiga jini, hayaƙin kuma yana zama a leɓe da harshe da dasashi da maƙogwaro, nan ne sankarar masu shanta ta fi kamawa, har da maƙoshi. Na yi jinyar masu sankarar baki, mutum yana ji yana gani abinci ya gagare shi, ba abin da zan so wa kowa ba ne. In kana da hawan jini ko ciwon suga abin ya ƙara muni.

Ɓangaren addini ba fagena ba ne amma kowa ya san malamai da yawa sun haramta ta saboda cutarwa da almubazzaranci, wasu sun tsaya a karhanci, ka tambayi malaminka a Mile 12 ka ji. In dama ba mashayi ba ne kai dan Allah kada tsaraba ta zama mafarin sabo. In kuma ka ce sai ka sha, to ba a gaban yara ba, ba a ɗaki ba, barandar ma in taga a buɗe take hayaƙin ciki yake komawa. Dokar Jihar Legas ta 2014 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a kuma ta hana sha a gaban yaro, ta tarayya ta 2015 ma tana nan.

ƊanAlbasa_Mile12 ya rubuta:

Na gode ƙwarai dukkanku. Anti maganarki ta shige ni kuma ban ji haushi ba ko kaɗan, Allah ya saka da alheri, ni dama ba kullum ba ne kuma zan duba abin da kika ce. Mai Canji na tsaga guntun yanzun nan, dogayen ganye ne, wasu masu duhu a tsakiya wasu masu haske a gefe, ba ɓarɓashi ko ɗaya, amma a jiƙe suke har suna manne wa yatsa. Baban Hanifa sai dai na lura da wani abu a jikin ɗaya daga cikin biyun, akwai ɗan fari-fari kusa da zobe, wannan fa?

Baban_Hanifa ya rubuta:

To Alhaji abin da ka gani a ciki alama ce mai kyau, mai duhun tsakiyar shi ne ligero na saman shuka mai ba da ƙarfi, shi ya fi jinkirin cin wuta shi ya sa ake sa shi a tsakiya, na gefen su ne seco mai ƙamshi da volado mai taimaka wa wuta. Ban ce hujja ce ɗari bisa ɗari ba, Mai Canji yana da gaskiya akwai jabun da ake naɗewa da dogon ganye, kwalin ne zai raba gardama. Maganar Anti kuma ni da nake cikin harkar ba zan musa ko kalma ɗaya ba.

Farin nan funfuna ce, kada wani ya ce maka alamar tsufa ce mai kyau, a danshin Legas funfuna ce. Ka raba ta da ɗayar yanzu. Ka goge da busasshen tsumma mai laushi a hankali, sannan ka duba ƙafar, wato bakin da ake kunnawa, in farin ya shiga cikin ganyen ciki ko ka ga kore ko shuɗi to wannan karan ya tafi, ka yar. In a waje kawai yake kuma ya goge tas, ka sa ta a robarta daban da nata fakitin. Ka kuma duba jikinsu da fitilar waya ko akwai ƙananan huji masu girman kan allura da gari yana zubowa in ka ƙwanƙwasa, wannan ƙwaron taba ne, zafi yake so, kuma a ɗakin da ba esi cikin Maris da Afrilu yana iya cinye kwali guda. In hunturu ya shigo Disamba zuwa Janairu iska ta bushe kada ka buɗe robar barkatai, saurin sauyin danshi ne ke tsaga ganyen waje. Ka turo hoton ƙafar da na zoben biyu in gani kafin ka yanke hukunci a kan mai farin.