Atamfa kayan biro ce ko kayan biki?

Autar Hajiya: Salamu alaikum yayyena, don Allah ku raba mu gardama. Litinin zan fara istaj, wato koyon aiki, a wani biro (ofis) nan cikin gari, shi ne ƙawata da ta yi karatu Yamai ta ce kar in kuskura in je da atamfa ko lufaya, wai wannan kayan biki ne, ma'aikaciya wando da best (kwat) take sawa ko jip (siket) da riga mai maɓalli. Ni kuma kaf akwatina atamfa ce. Gaskiya ne?

Maman Ikram: Best a Damagaram? A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40? Ki ce wa ƙawar taki ta zo ta tsaya bakin kasuwar Dole da azahar cikin best ɗin, in ta kai la'asar ni zan biya mata kabu-kabu.

'Yar Zengo: Maman Ikram ki bar raha, ƙawar Auta tana da 'yar gaskiya. Ni da ƙungiyar agaji nake aiki, baƙi na zuwa mana daga waje, kuma wallahi wani lokaci kunya nake ji, ki ga mace ta shigo reniyo, wato taron aiki, da leshi mai duwatsu yana walƙiya da ɗauri ya kusa taɓa silin, awarwaro na ta kacau kacau duk sanda ta taɓa kwamfuta, shef na magana kowa ita yake kallo. Mai wando baƙi da doguwar riga marar ado da ɗan mayafi ba ta da wannan matsalar.

Maman Ikram: To ai leshi kika ce. Auta atamfa ta tambaya.

'Yar Zengo: Duk tafiyar ɗaya ce, da an ce kayan gida sai kowa ta kwaso na suna.

Malama: A'a ba ɗaya ba ce. Ku bari in faɗa muku inda abin ya samo asali, don na ga ana ɗauka wahayi ne. Wannan shigar ta tsaka-tsaki, wadda ba kwat ba kuma ba kayan zaman gida ba, daga Amurka ta yaɗu. A tsibirin Hawai a shekarun 1960 aka fara barin ma'aikata su sa rigar garinsu mai furanni ranar Juma'a, can ma garin zafi ne. Daga baya a 1992 kamfanin Levi's ya buga ɗan littafi ya aika wa dubban kamfanoni yana nuna musu yadda ake irin shigar, kuma kar ku manta shi wando yake sayarwa. Su da rigar garinsu mai furanni suka fara, mu sai a ce tamu mai furanni ba ta cancanta ba?

'Yar Zengo: Malama na ji tarihi, amma mai ɗaukar aiki ba tarihi yake dubawa ba.

Hajiya Mai Ritaya: Ɗiyata Auta, ni na yi aikin gwamnati har na gama ban taɓa zura wando na fita ba, kuma ba wanda ya taɓa mayar mini da takarda don zanena. Ko 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ake tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ƙara musu kujeru a shirin babban taron ƙasa, da me muke raya ta? Zane ake bugawa, daga darakta har mai shara kowa ta ɗinka ta sa. Abin da na hana yaran da suka yi aiki ƙarƙashina uku ne, kaya ba guga, silifan wanka, da humra mai yawa. Ɗaki a rufe klim, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki ke kin yi turaren wuta kamar amarya, akwai wata abokiyar aikinmu mai asma da sai ta fita waje take samun numfashi.

Maman Ikram: Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, Allah ya ƙara girma. Guga kam ko kuran ya ɗauke akwai ta gawayi, ba uzuri.

Tela Mai Birni: Ku ba ni fili, ni ce mai almakashin. Laifin ba na atamfa ba ne, na ɗinki ne, kuma rabin laifin naku ne. Mace za ta kawo turmi ta nuna mini hoto a waya ta ce irin wannan, in duba in ga ɗinkin amarya ne, siket ya matse gwiwa sai an ja numfashi kafin a ja zif, tsaga har cinya, hannun riga kamar fuffuken zabo. In ce Hajiya wannan fa ba ya zaman kujera awa 8, ta ce ni dai yi mini. Bayan sati ta dawo zif ya fashe wai na cuce ta. Na biro daban yake: atamfa mai ƙananan zane, kala biyu ko uku masu sanyi, doguwar riga ko riga da siket mai ɗan sakewa wanda za ki zauna ki tashi ki hau adaidaita ba ki dafa kowa ba, hannu ya tsaya wuyan hannu kar ya riƙa sharar tebur, in kin yarda ma in sa miki aljihu. Kuma ku daina cewa a sa shafin leda, auduga ke shan zufa, leda dafa mutum take. Yadi mai haske kuma ki ɗaga shi a rana tun a shago, in kin ga yatsunki ta ciki sai da shafi.

'Yar Zengo: To lufaya fa? Nan kam ba ku da ta cewa. Ni da idona na ga ta wata ta shige tayar babur wajen Sabon Gari, Allah ne ya kiyaye mai kabu-kabun ya taka burki.

Hajiya Mai Ritaya: Wannan rashin iya naɗi ne, a tattare bakin a riƙe a cinya. Ke ma ai na ga talon ɗinki, takalmin nan mai tsini, ya nutse cikin rairayi ranar walima sai da aka kamo ki.

'Yar Zengo: Hajiya a gaban yara kuma 😂 wannan tsautsayi ne. Amma ina nan kan bakana, banki da wasu kamfanoni suna da tasu doka, in sun ce kala kaza ko ɗinki kaza ba ruwansu da 13 ga Mayu.

Malama: Wannan kam na ba ki. Auta ki kira wadda ta karɓi takardunki ki tambaye ta ko suna da ƙa'idar sutura, ba abin kunya ba ne.

Autar Hajiya: Na gode ƙwarai. Ranar da na kai takardun dai ita kanta hijabi da atamfa na gan ta da su. Anti Tela ina da wata ruwan toka mai ƙananan ganye ban ɗinka ba, in na kawo yau zan samu Lahadi?

Tela Mai Birni: Yau Alhamis fa Auta, ga ankon biki biyu a gabana. Kawo kafin magariba, kuma ki bar hoton waya a gida.