Zan shiga New York na sati biyu, ina zan buga golf ba sai da katin kulob ba?

Baban Ummi:
Salam yan uwa. Aiki zai kai ni New York cikin watan Yuni, kuma dai kun san mai lalurar golf, in na yi sati biyu ban riƙe sanda ba jikina har ciwo yake. Ni ba memban kowane kulob bane a can, ina neman filin da kowa zai biya ya shiga. Ban ƙware sosai ba fa, rami 18 nakan tashi da bugu casa'in da ɗoriya. Mota ma babu, sai jirgin ƙasa.

Malam Sambo:
Wa alaikumus salam. Kowa Bethpage zai ce maka, to gaskiya ne, filin gwamnatin jiha ne a Farmingdale can Long Island, kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa na LIRR daga tashar Penn Station sai ka ɗau tasi. Amma fili biyar ne a wurin, Black, Red, Blue, Green da Yellow, kuma wanda ake ta zuzutawa Black ne, nan Tiger Woods ya ci babbar gasar US Open a 2002, nan aka yi gasar Ryder Cup ta 2025 tsakanin Amurka da Turai. Tun kafin ramin farko akwai allo da ke gargaɗin cewa filin na ƙwararru ne kawai, ni na ɗauka burga ce wallahi sai da na shiga, ƙwallona ya faɗa ciyawar gefe ina tsaye a kansa ban gan shi ba, ramukan yashin kuwa in ka sauka ciki tutar ma ba ka hangowa, ga shi ba a hawa ƙaramar mota a Black, da ƙafa zaka taka tudu da gangare jaka na bayanka. Da irin bugunka Red ka nema, kyau ɗaya suke, wahalar ce ba ɗaya ba.

Ɗan Autan Golf:
Malam ka manta baka faɗa masa maganar layi ba hhhh. Mutane a mota suke kwana a wurin fakin don su samu gurbin safe a Black, kuma baƙo ya fi ɗan jiha biya.

Hajiya Mai Sanda:
Baban Ummi tunda ba mota me zai kai ka nesa? Filin Van Cortlandt na nan a yankin Bronx cikin birnin New York, jirgi mai lamba 1 zaka hau har tashar ƙarshe ka ƙarasa da ƙafa. Tun 1895 aka buɗe shi, shine filin jama'a mafi tsufa a Amurka, kuma bai fi ƙarfinka ba. In aljihu da nauyi akwai Ferry Point gefen gadar Whitestone, zanen shahararren ɗan golf Jack Nicklaus, tsohon juji ne aka gyara, ba bishiyoyi sai iska. Ka dai guji Asabar da Lahadi, na taɓa yin kusan awa shida a wani fili muna bin wasu mutum huɗu da kowannensu sai ya gwada bugu sau uku kafin ya taɓa ƙwallo.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai Hajiya. Van Cortlandt ranar Talata kenan in sha Allah, Red kuma in na samu gurbi. Malam Sambo, Black ɗin hoto kawai zan ɗauka da allon. Ana bada hayar sanduna ko sai na ɗauko nawa?