Kumburi ko ruruwa? Ku taya mu tsayar da kalma

1/ 'Yan'uwa ɗaliban kiwon lafiya na Gusau da kewaye, ku matso. Abin da Turawa ke kira infilameshan mun saba ce masa "kumburi". A ƙurji ko targaɗe kalmar ta zauna daram. A ciwon jijiyoyi da ake kira MS (multiple sclerosis) kuwa ba ta isar da saƙo.

2/ MS, wanda likitan Faransa Charcot ya fayyace a 1868, ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa kuben da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Majinyaci ba ya ganin wani abu ya tasa a jikinsa. Gani ne ke dusashewa, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya dinga mutuwa. Ka ce masa kumburi, sai ya hau shafa jiki yana nema.

3/ Ku duba gwajin da ake sa wa ɓeraye ciwo mai kama da MS. Ana yi wa ɓera allurar wani furotin na kuben, bayan kamar mako biyu wutsiya ta saki, daga nan ƙafafun baya su shanye. A jinsin ɓeraye mai suna SJL ciwon kan lafa ya sake tashi. A jinsin C57BL/6 yakan zauna. Jinsin BALB/c kuwa da wuya ciwon ya kama shi. Ƙwayoyin gado ne suka raba su. Haka a mutane: mai ɗauke da nau'in ƙwayar gado da ake kira HLA-DRB1*15:01 haɗarin kamuwarsa da MS ya kai kusan ninki uku, kuma a 2019 masu bincike sun lissafa wurare sama da 200 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon.

4/ Abin da ke lafawa ya sake tashi, ya ci wani jiki ya ƙyale wani, ai halin wuta ke nan. Shi ya sa na tsaya kan "ruruwa". Tana da masu rura ta, tana da magungunan da ke lafar da ita. Harshenmu ya riga ya tanadi kalmomin aikatau ɗin.

5/ Wani malaminmu daga Ƙaura Namoda ya ce, "Ɗana, jama'a sun saba da kumburi, kada ku rikita su." Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, ba za mu jefar da ita ba. Kumburi alama ce ɗaya, tare da ja da zafi da zogi. Ruruwa ita ce uwar da ke haifar da su.

6/ Ga jimlar gwaji: "Ƙwayoyin gado na da tasiri kan ruruwar laka a ɓeraye." Mutanen Argungu da Yauri, ya ta faɗa a kunnenku?